Tsofaffin Gilasan Kyamara a Kasuwar Gwanjon Berlin

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kuna lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Na ga saƙonka kan sabon gilashin kyamara mai milimita 85 da kake so kafin bukukuwan bayan Sallah. Na shiga shaguna biyu na duba, kuɗinsa ya kusa hayar ɗakina ta wata guda, don haka ban saya ba. Amma na samo maka wani abu a madadinsa, kuma ina so ka karanta a natse kafin ka yanke hukunci.

A nan Jamus yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, doka ce. Kasuwar da ke ci ranar ita ce ta gwanjo, irin ta Mauerpark da ta Boxhagener Platz a Berlin. A kan tebura za ka tarar da tsofaffin agoguna, da faya-fayan garmaho, da kyamarori na zamanin fim an jibge su a kwali. Yawansu yana da dalili. Lokacin da ƙasar take rabe biyu, Jamus ta Gabas ta shahara da wannan sana'a: kamfanin Pentacon a Dresden yana ƙera kyamarar Praktica, Carl Zeiss yana yin gilashi a Jena, ga kuma Meyer a Görlitz. Daga Tarayyar Sobiyet kuma ana shigo da kyamarar Zenit. Bayan haɗewar ƙasar a 1990, sannan aka daina yayin fim, kayan suka koma cikin akwati. Yanzu jikoki ne ke fitowa da su, da yawansu ba su ma san darajar abin da kakansu ya bari ba.

Biyu na saya maka. Na farko Helios 44-2, ɗan Sobiyet, milimita 58, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/2, kuma an kwaikwayi ƙirar Biotar ta Zeiss ne wajen yin sa. Yuro 40 na biya bayan ɗan ciniki. E, a gwanjo ana taya kaya kamar a Kurmi, sai dai ba a jan magana. Na biyu Pentacon mai milimita 135, f/2.8, a Yuro 35. Duka ƙarfe ne da gilashi, ba roba, idan ka ɗauka za ka ji nauyinsu a tafin hannu.

Gindinsu irin wanda ake kira M42 ne, murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba. Kyamararka Sony a6000 ba ta da madubi a ciki, shi ya sa komai ya zo da sauƙi: zoben ƙarfe kawai ake sawa a tsakani, adafta, na haɗo maka da shi. Ka shiga saitin kyamarar ka ba ta izinin ɗauka ba tare da ta gane gilashi ba, sannan ka kunna alamar nan mai launi da ke haskaka gefen abin da ya fito tangaran. Da yake farantin ɗaukar hoto na kyamararka ƙarami ne, 58 ɗin nan zai yi maka aiki kamar yadda 87 ke yi a kyamara mai babban faranti.

Ba zan ɓoye maka ba, da hannu za ka riƙa saitawa, babu injin da ke saita shi da kansa a ciki. Wajen kamu ko shigowar amarya, inda kowa ke motsi, ka riƙe gilashinka na yanzu. Amma hoton da ake tsayawa a yi, na ango da amarya, ko na dattijo cikin babbar riga da rawani, nan ne za ka ga bambanci. Na gwada Helios ɗin a kan wani abokina ɗan Damagaram a ƙarƙashin bishiya da yamma. Fuskarsa ta fito sarai, ganyen da ke bayansa kuma ya narke yana juyawa kamar guguwa ta kewaye shi. Abin da ya fi burge ni shi ne fata. Sababbin gilasai suna da kaifi har su tono kowane ƙurji da layin hoda, wannan kuwa yana sassautawa, baƙar fata ta fito da sheƙinta ba sai ka kwana kana gogewa a kwamfuta ba. Sharaɗi ɗaya: ka sa mutum a tsakiyar hoto, don gefuna ba su da kaifi, kuma kada ka bari rana ta doki gilashin kai tsaye, hoton zai yi fari fat kamar hazo.

Inda gida ya fi nan shi ne gyara. Kafin waɗannan biyun na sayi wani ta intanet a hannun wani mutum, da ya iso na haska tocila ciki sai ga funfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo, zoben saitin kuma ya ƙage saboda giris ɗin ya bushe. A nan idan a hannun ɗan kasuwa ka saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar, amma cinikin mutum da mutum babu wannan. Na kai wa mai gyara, kuɗin da ya faɗa ya ninka na gilashin, kuma sai na jira makonni. Nan take na tuna masu gyaran agogo da rediyo na bakin kasuwarmu, waɗanda za su kwance abu gabanka su wanke su mayar kafin la'asar. A nan kaya ne da araha, hannun mai sana'a da tsada. A gida kuwa hannun yana nan, kayan ne ba sa isowa. Wannan ya daɗe yana damuna, domin na san yara masu ɗaukar hoto da yawa da suke cin bashi don sayen sabon gilashi alhali irin waɗannan suna kwance a kwali.

Zan ba wani ɗan'uwa da zai taho ƙarshen wata ya kawo maka. Da damina kada ka bar su cikin jaka, danshi ne ke kawo funfuna. Ka samu roba mai murfi ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Da hunturu kuma kada ka canza gilashi a waje, ƙura za ta shige maka kyamara. Ka fara gwaji da Inna a tsakar gida da hantsi, ka turo mini in gani, na yi kewar fuskarta.