College Football 25: gem ɗin da ya dawo min da Bedlam

Wanda ya yi karatu a Oklahoma State ya san abin da ake nufi da Bedlam: karon shekara-shekara da Jami'ar Oklahoma a zari-rugar Amurka, tun 1904. Tsakanin Stillwater, garin Oklahoma State, da Norman, garin Jami'ar Oklahoma, ba a yin awa biyu a mota. Amma da Oklahoma da Texas suka bi kuɗin talabijin daga Big 12 zuwa SEC, wani rukunin gasar jami'o'i, a 2024, sai wasan ya fita daga jadawali. Na ƙarshe shi ne na 2023, muka ci su 27 da 24. Wannan takaicin ne ya sa na sayi College Football 25 na EA Sports, wanda ya fito a Yulin 2024 bayan shekara 11 ba a yi irinsa ba.

Gem ɗin ya zo da makarantu 134, a jere yadda suke a waccan kakar. Big Ten mai makarantu 18, har da USC, UCLA, Oregon da Washington. Stanford da ke Kalifoniya tana ACC, rukunin gaɓar Atilantika. Pac-12 kuwa saura Oregon State da Washington State, kamar gidan da aka gama biki.

Inda kuɗina ya fita shi ne ɓangaren Dynasty, inda mutum ke jagorantar ƙungiyar makaranta kaka bayan kaka. Kafin a fara kaka ana iya rushe rukunan a sake gina su. Na mayar da Oklahoma Big 12, na tattaro 'yan Pac-12 gida, na sa Nebraska kusa da tsoffin abokan hamayyarta. Ranar Bedlam filinmu na Boone Pickens ya cika da masu sanye da launin ruwan lemo, launin makarantarmu, ga ƙarar 'yan kallo har allo na rawa idan baƙi ke da ƙwallo. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abu ɗaya na bari yadda yake: Texas da Texas A&M a rukuni guda, domin faɗaɗawar SEC ce ta sake haɗa su bayan rabuwa tun wasan 2011, kuma wannan alheri ne.

A lura, sai mai PS5 ko Xbox Series. Ba ya hawa PS4 ko kwamfuta. Wanda bai san dokokin wasan ba, zai sha wuya a makon farko, musamman wajen jifa. Ya fara da ƙaramin mataki, ya zaɓi makaranta mai ƙarfin gudu da ƙwallo.