Wata huɗu ina amfani da na'urar TENS kan zogin ƙafar da aka yanke

Shekara biyu ke nan da aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, bayan haɗarin babur a hanyar Garwa zuwa Ngaundere. Dungun ya warke sarai, amma babban yatsan da aka binne tare da ƙafar bai daina zogi ba. Cikin dare sai in ji kamar ana matse shi da filaya. Gwaggo ta ce iska ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Likitan gashin ƙashi, wanda muke ce wa kine, ya ce mini: "Malam, ƙafa aka cire, gurbinta a ƙwaƙwalwa yana nan, kuma maƙwabtan gurbin sukan kutsa ciki." Shi ya sa na sayi TENS, 'yar na'urar da ke tura ƙaramin lantarki ta fata don rage zogi, jaka 25 na kuɗin sefa.

Girmanta bai kai tafin hannu ba, da batir take aiki. Wayoyi biyu ne da 'yan faci masu gam da ake mannawa a fata. Idan na kunna, sai in ji kamar kiyashi na yawo a dungun, kuma wannan tsikarin yakan danne saƙon zogin kafin ya kai sama. Nakan yi minti 30 bayan sallar isha'i. Yawancin darare zogin yakan lafa har barci ya ɗauke ni, kuma wanda ya shekara yana ƙirga kiran assalatu ido biyu ya san darajar wannan. Amma magani ne na ɗan lokaci. Kafin azahar yatsan ya dawo da halinsa, wasu ranakun ma ko gezau.

Inda ta ba ni haushi shi ne facin. Zafin Garwa na watan Afrilu, gumi ya jiƙa su, gam ya mutu cikin mako biyu, sababbi kuma sai na yi saƙo Yawunde.

Na haɗa da madubi, dabarar da masanin ƙwaƙwalwa Ramachandran ya fito da ita a Amurka a shekarun 1990: in jingina shi tsakanin ƙafafuna, in motsa ta dama, ido ya ga kamar ta hagu ce. Da farko yarana dariya suke yi mini. A wajena, ranar da na haɗa biyun ta fi sauƙi.

Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya taɓa TENS, kuma ba a manna ta kan ciwon da bai warke ba. A bar kine ya nuna wurin mannawa. Ni da na yi gaban kaina ranar farko, na murɗa ta har ƙarshe, sai da na yi salati da ƙarfi maƙwabci ya leƙo.