Fim ɗin zama ɗaya ko mai dogon zango?

Ana ta tambayata wai in mutum yana son finafinan da ke nuna faɗi-tashin talakan birni, mai fama da kuɗin haya da neman aiki, wanne zai kalla, na zama ɗaya ko mai dogon zango? To ga yadda nake gani.

Wajen kuɗi da lokaci na zama ɗaya ya fi sauƙi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka gama, data kaɗan. Mai dogon zango kuwa kafin ka ankara ya cinye maka sati guda.

Amma fa wajen shiga zuciya mai dogon zango ba a magana, don talauci a hankali yake cin mutum, sai ka ga uwa tana ƙirga canji a kashi na biyu, a na tara ta sayar da keken ɗinkinta, wallahi sai ka ji kamar maƙwabciyarka ce. Matsalarsa jan labari, wani lokacin ma a dakatar da shi ba a ƙarasa ba, abin yana min ciwo sosai.

Na zama ɗaya ya fi ƙarko. Fim ɗin Italiya mai suna Ladri di biciclette (wato Ɓarayin Keke) tun 1948 aka yi shi, wani magidanci a Roma aka sace wa keken da yake aiki da shi, har yau ana kallonsa.

In lokacinka kaɗan ne kana son labari mai ƙarshe, ɗauki na zama ɗaya. In kana da haƙuri kuma kana son ka saba da mutanen labarin, mai dogon zango naka ne.