Oditan gwamna ko oditan Landan, wanne ya fi?

A ƙasashen da Turawan Ingila suka mallaka, binciken kuɗin gwamnati ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce odita ya zama ma'aikacin gwamna kawai, gwamnan ne ke iko da aikinsa, shi kuma ake kai wa rahoto. Amfaninta dai odita yana kusa, ya san baitulmali ciki da waje, ba sai an jira jirgin ruwa ya kai takardu Ingila ya dawo ba. Amma fa wa zai iya cewa maigidansa ya yi almubazzaranci alhali ƙarin girmansa na hannun maigidan? Ai sai dai ya yi shiru.

Ta biyun ta kankama a 1910 da aka kafa sashen binciken kuɗi na ƙasashen mallaka a Landan, da darakta nasa, shi ke tura oditoci ƙasa-ƙasa yana yi musu canjin wurin aiki, su kuma su aiko masa da rahoto, don haka gwamna ba ya iya murɗe su yadda ya ga dama. A ganina wannan ta fi waccan nesa ba kusa ba, sai dai 'yancin nata rabi ne, domin a Ingila tun dokar 1866 babban odita majalisa yake kai wa rahoto, a ƙasashen mallaka kuwa ofishin mulkin mallaka na Landan ake yi wa aiki, talakan da ya biya harajin ba wanda ya tambaye shi.