Maxima mai kyan ɗan maciji: sharhina bayan wata huɗu da saye

Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, wallahi tauraro biyar zan ba masu sayar da ƙumbar tekun nan har in ƙara da addu'a. Kwalin ya iso a kan lokaci, leda biyu ɗaure tam a cikin akwatin soso, ruwan bai yi sanyi ba. Ƙumbar tekun da na yi oda, Tridacna maxima ce mai tsawon santimita 7, kuma abin da na gani a hoto shi na tarar: mayafinta, wato naman da take shimfiɗawa a bakin ɓawo, shuɗi shar da ɗigo-ɗigon baƙi a baki-baki. Ina gitta hannuna a kanta ta ja jiki ta rufe ɓawo da sauri, sannan ta sake buɗewa a hankali. Duk mai kiwon irin waɗannan halittu ya san wannan ce shaidar farko ta lafiya, don akwai ɗaruruwan ƙananan idanu a gefen mayafin da ke gane inuwa. Sun kuma tabbatar mini ta gona ce, ba daga dutsen murjani aka ɓamɓaro ta ba. Wannan ya kwanta mini a rai, tunda dangin Tridacna duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. A nan dai ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Na ɗora ta a kan wani ɗan faffaɗan dutse a ƙasan tankina na kiwon halittun teku, bayan kwana goma na fara matsar da dutsen sama kaɗan-kaɗan saboda maxima mayyar haske ce. Gansakukar da ke zaune a cikin naman mayafinta ita ke sarrafa haske ta ciyar da ita, in fitila ta gaza to yunwa ce za ta kashe ta a tsaye. Cikin mako guda ta fitar da zarenta ta kama dutsen. Na yi ta ɗaukar hoto kamar wanda aka yi wa haihuwa.

To, ba ita kaɗai ce a tankin ba. Ina da wata ƙumbar, irin Tridacna derasa, da nake kira Tsohuwa, shekararta uku a hannuna. Na same ta ba ta wuce santimita 8 ba, ta kai 21. Derasa ba ta da fitina, a kan yashi take zaune abinta, ba ta neman haske kamar maxima ko ƴar uwarta crocea, kuma kullum akwai farin sabon ɓawo a bakinta, alamar tana girma. Sai a mako na shida da zuwan baƙuwa na lura Tsohuwa ta daina shimfiɗa mayafinta har ya rufe bakin ɓawo. Gefe ɗaya ya ɗan shige ciki. Farin layin nan ma ya dushe.

Abin da kowa ke yi shi na yi, na hau gwajin ruwa. Kalsiyom 430, alkaliniti 8.3, maganiziyom 1320, gishiri 1.026, zafi digiri 25, naitiret wajen 5. Babu abin da ya motsa daga inda yake tun bara. Na sake gwadawa da wani kayan gwajin daban don kada ya zama nawa ne ya lalace, amsa ɗaya. Daga nan zargina ya koma kan wani ƙaramin kifin anjel da ke tankin, don an san danginsa da tsinkar naman ƙumba. Na kwashe rabin duwatsun tanki kafin in kama shi, na karya reshen murjani biyu a garin haka, na kai bawan Allah wani ɗan tanki na killace. Ashe ba ruwansa. Mako ya zagayo, Tsohuwa sai ƙara shigewa take yi. Har na haɗa ruwan daɗi mai zafi daidai da na tanki zan tsoma ta na minti 30, a zatona ciwon nan ne mai tsuke mayafi da ake dangantawa da ƙwayar cuta mai suna Perkinsus. Allah ne ya sa na ce bari in ƙara kwana ɗaya.

A daren ne barci ya ƙi zuwa, wajen ƙarfe biyu na ɗauki tocila na haska tankin. Jama'a, abin da na gani har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A bakin ɓawon Tsohuwa, daidai ƙarƙashin mayafi, wasu ƙananan dodon koɗi ne farare suka jeru, dogaye masu tsini, kowanne bai fi kan ashana ba. Su ne ake kira firamid. Da rana suna laɓewa a ƙarƙashin ɓawo ko cikin yashi, dare na yi su hauro su soka dogon bakinsu a nama su yi ta zuƙar ruwan jikin ƙumba. Na ɗago ta na juya, ga wasu cunkus a gindinta. Na ɗauko maxima da dutsenta gaba ɗaya, don ba a fizgar ta daga dutse, in zaren ya tsinko naman da ke fitar da shi sau da yawa shi ke nan. Ɓawon maxima yana da ƴan tudu-tudu kamar matakala, kuma a cikin lungunan nan na tarar da ƙwansu, wani abu mai yauƙi fari-fari manne da ɓawo. A daren na tsince 34 da hantsaki, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a cikin kofi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Wata takwas rabon da wani abu mai rai ya shiga tankin nan, ko dutse ko murjani ko kifi. Ita kaɗai ce baƙuwa. Ba sai an kira mai duba ba.

Da asuba na aika wa mai sayarwa saƙo da hotuna masu kyau, har da na ƙwan. Sai bayan kwana uku amsa ta zo. Wai: “Malam, a duba ƙarfin fitila da alkaliniti, yawancin matsalar ƙumba daga nan take.” Na mayar masa da lambobin gwajina duka, na ce don Allah ya buɗe hoton ya duba. Sai ya ce ai akwai wasu ƙananan dodon koɗi masu kama da waɗannan da ba sa cutar da komai, mai yiwuwa su ne. Gaskiya ne akwai su, na san da su, amma waɗancan a jikin gilashi da duwatsu suke yawo suna cin datti, ba sa yin layi a bakin mayafi da tsakar dare. Saƙonsa na ƙarshe shi ne lamuninsu na isowa da rai ne kawai, kuma ta iso da rai. Ni fa ban nemi a mayar mini da kuɗi ba. Abin da na so ji shi ne a ce mini an gode, za a duba tankunan da ake ajiye su, don duk wanda ya saya daga wannan rukunin abin da ya same ni na jiransa. Ko wannan ban samu ba.

Laifi tudu ne, bari in sauko daga nawa. Ban killace maximar ba. Ina da ɗan tankin da zan iya ajiye ta mako huɗu ko shida, amma fitilarsa ba ta da ƙarfi, na ji tsoron kada ta dushe, ga kuma ɗoki. Ko buroshi ban goga wa ɓawon ba kafin in saka ta. Minti biyar da tsohon buroshin haƙori da wataƙila labarin nan bai taso ba. Na yarda da wannan. Amma wanda ya rubuta a shafinsa cewa yana duba kowace ƙumba kafin ya aika, shi ma ai yana da tocila.

Daga nan aiki ya same ni. Duk bayan kwana uku in fito da su biyun cikin roba da ruwan tanki, in tsince manya, in goge ɓawo lungu-lungu ba tare da na taɓa nama ba, in zubar da ruwan robar, in zuƙe yashin da ke ƙarƙashinsu. Dole a maimaita, don ƙwan da ya tsere maka yau shi ne rundunar mako mai zuwa. In za ka mayar da ita cikin ruwa kuma sai ka ɗan jujjuya ta iskar da ta maƙale a ciki ta fita. An ba ni shawarar kifin ras mai layi shida, wai yana cin su, na kawo shi. Yana ɗan tsinta, amma shi da rana yake kiwo, su kuma da dare suke fitowa lokacin yana barci. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne korar sauran kifaye.

Tsohuwa ba ta kai labari ba. A mako na goma na wayi gari ɓawonta a wangale, mayafin ya janye can ciki, ƙofar da take shaƙar ruwa ta buɗe fiye da kima. Na gitta hannu, ko gezau. Kafin azahar tsutsotsin yashi sun fara taruwa a gindinta, dole na cire ta, don ƙumba mai wannan girman in ta ruɓe a tanki sai ta tafi da sauran. Warin da ya biyo ta ba zan kwatanta ba. Halittar da kan yi shekaru masu yawa a raye, danginta gigas ma kan wuce mita ɗaya da kilo 200, wai abin da bai kai kan ashana ba ne ya ga bayanta a hannuna.

Abin haushin, ita wadda ta kawo masifar lafiyarta ƙalau. Ta ƙara farin baki kusan rabin santimita, shuɗin ya ƙara fitowa, tana shan kalsiyom har sai da na ƙara abin da nake zubawa kullum. Ta fuskar ƙoshin jiki da launi, ban taɓa sayen wadda ta kai ta ba, wannan ba zan ɓoye ba. Da na fara rubutun nan niyyata tauraro uku ce saboda haka. Amma da na koma na sake karanta saƙon nan na “a duba ƙarfin fitila”, na mayar da shi biyu.

In kun riga kun yi oda daga wurinsu, ku juya ƙumbar ku duba gindi da lungunan ɓawo, ku goge, ku killace, ku haska da dare. Ni yau kwana 26 ban ga firamid ko ɗaya ba, amma tocilar tana nan a kan murfin tanki, kusa da ɓawon Tsohuwa da na wanke na ajiye.