Caravaggio ko Love Is the Devil: wanne za a fara kallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya kamata ka fara da shi tsakanin fim ɗin Caravaggio na Derek Jarman (1986), kan mai zanen Italiya Caravaggio, da Love Is the Devil na John Maybury (1998), kan mai zanen Birtaniya Francis Bacon, tunda duka biyun rayuwar masu zane ce da aka daɗe ana ce-ce-ku-ce a kansu, kuma duka an shirya su kamar mafarki. Ka fara da na Jarman.

Jarman bai je Italiya ɗaukar fim ɗin ba, kuɗin bai kai ba. A rufaffen wuri a Landan ya ɗauki fim ɗin, ya mai da rashin kuɗin salo: bango baƙi ƙirin, haske daga gefe guda, irin yadda Caravaggio yake zana hotunansa. 'Yan wasa kan tsaya cak har sai hoton ya koma zanen da aka sani. Mai zanen yana kwance yana jiran ajali a garin Porto Ercole na Italiya a 1610, tunaninsa na kaiwa da komowa ba bisa jeri ba. Za ka ga babur, kalkuleta da kwan lantarki a Rum ta wancan zamani, har da mai sukarsa yana buga tafireta a cikin bahon wanka. Kada ka ce kuskure ne. Shi kansa Caravaggio yakan ɗauko 'yan titi da karuwai su tsaya masa a matsayin waliyyan Kirista, wasu da tufafin zamaninsa, to Jarman wannan ɗabi'ar ya aro.

Inda za ka yi hattara shi ne kisan. Gaskiya ne Caravaggio ya kashe wani mutum mai suna Ranuccio Tomassoni a faɗa a 1606, ya gudu zuwa Naples, Malta da Sicily. Amma soyayyar mutum uku tsakaninsa da Ranuccio (Sean Bean) da Lena (Tilda Swinton, fim ɗinta na farko) ƙirƙirar Jarman ce.

Matsalar Maybury daban ce, kuma ta fi tsanani: masu kula da gadon Francis Bacon sun hana shi nuna zanen Bacon ko guda. Sai ya sa kyamara ta yi aikin burushi. Ana ɗaukar fuskoki ta cikin kofin gilashi, kwalba da madubi, su karkace su narke kamar fuskokin da Bacon ke zanawa, musamman a mashayar Colony Room ta unguwar Soho a Landan. Derek Jacobi ne Bacon, Daniel Craig kuma George Dyer, masoyin Bacon, ɓarawon da ya faɗo masa ta rufi, labarin da ake yawan bayarwa game da haɗuwarsu. Dyer ya mutu a otal a Faris a 1971, kwana biyu kafin buɗe babban baje kolin Bacon a zauren Grand Palais na birnin. Illar dabarar karkata fuskokin ita ce, wanda bai taɓa ganin zanen Bacon ba zai ɗauka kyamara ce ta lalace. Shi ya sa na ce ka bar shi daga baya. Na Jarman yana nuna maka zanen da kansa, wannan kuwa sai ka zo da shi a kanka. Ka fara duba zane-zanen Bacon masu falle uku na bayan mutuwar Dyer.

Duka biyun kusan awa ɗaya da rabi ne. Kada ka kalle su a waya da kwafi mai ƙaramin nauyi, domin matse bidiyo yakan mai da wuraren duhu tabo-tabo, alhali rabin aikin a duhun yake. Ka kashe fitila, ka samu babban allo. Sannan akwai tsiraici, giya, jini da alaƙar jinsi ɗaya a fili, na Maybury ya fi zafi, ba na zama da yara a falo ba ne.