Baban Yaba mai binciken asali: wata bakwai da naira dubu 180 da na kashe

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta gajiya da faɗin cewa kakanta sojan Gulofa ne. Tana nufin John Glover, Baturen da ya tara Hausawa a Ikko, wato Legas, a 1863 ya kafa rundunar da daga baya ya tafi da ita yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yau, a 1873. Iyakar abin da muka gada ke nan, sai wata tsohuwar lambar tagulla da ke cikin adakarta a gidanmu na Obalende. Bayan rasuwarta abin ya tsaya mini a rai, har wata maƙwabciya ta kwatanta mini wani dattijo Bayarabe mai ɗan ofis a Yaba, wanda sana'arsa tono tsofaffin takardun iyali.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, fanka na kaɗa ƙura, fayil har rufi. Na ce, "Baba, asalinmu nake nema." Ya ce, "Alhaja, asali ba na sayarwa, takarda nake nema. In babu, zan ce miki babu." Wannan maganar ce ta sa na biya rabin kuɗin nan take.

Ya fara da gidan adana tarihi na ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan. Tafiya biyu, ya dawo hannu rabbana. Abin da ya cece mu shi ne hotunan littattafan alƙalan tsohuwar kotun Legas da ya ɗauka shekaru kafin a ƙone babbar kotun Igbosere a Oktoban 2020. A cikinsu ya tarar da shari'ar wani fili, inda tsohon soja ya ba da shaida. Magatakarda ya rubuta ƙabilarsa "Houssa", a wani shafin kuma "Gambari", yadda Yarabawa ke kiranmu. Sunan ya yi daidai da na kakan Kaka, garin da ya ce an kamo shi yana yaro shi ne wanda Kaka ke ambata.

Abin da ya girgiza ni na coci ne. Cikin shaidar ya ambaci matarsa, sai Baba ya bi sawunta zuwa rajistar baftisma ta wani tsohon cocin CMS, ƙungiyar 'yan mishan ta Ingila, a tsibirin Legas. Ga ta nan, tawada ta koɗe ta zama ruwan ƙasa, an ba ta sunan Turawa, gurbin iyaye kuma fayau ba komai. Na daɗe ina kallon wannan gurbin a wayata. Mu gidan malamai ne tun tasowata, ba wanda ya taɓa gaya mini cewa uwar gidan ta ratsa ta hannun 'yan mishan kafin ta shigo. Baba bai yi mini ƙari ba. Ya ce sunan da shekarar sun dace, amma ba zai rantse ita ce ba, kuma haka ya rubuta a rahotonsa.

Inda na ga gazawarsa: ba ya jin Hausa ko kaɗan. Bai san mutum ɗaya na iya amsa sunan yanka, da laƙabi, da sunan gari ba, sai da na zaunar da shi na warware masa, bayan ya ɓata wata guda yana bin wani daban. Ya ce wata uku, aka yi bakwai. Waya kuma sai ka kira sau biyar. Kuɗin motar Ibadan ma bai faɗa tun farko ba, daga baya ya ɗora.

Duk da haka zan koma, don akwai takardar mallakar fili ta zamanin Gulofa da yake zaton tana rajistar filaye a Alausa. Mai niyyar zuwa ya fara zama da tsofaffin gidansu, ya rubuta kowane laƙabi. Ni kam na buga shafukan nan biyu, na sa su cikin adakar Kaka kusa da lambar.